Harajin VAT Ga Masu Sana'ar Hannu: Yadda Ake Lissafa Shi a Kan Kaya da Kuɗin Aiki

Yau za mu taɓa wani abu da ya shafi aljihun duk wanda ke sayo kaya ya je ya haɗa wa mutane: mai saka kyamarar tsaro, mai haɗa sola, mai wayarin, mai gyaran famfo, mai walda, har da kanikawan Kurmin Mashi da ke sayo kayan gyara su ɗaura wa mota. Duk waɗannan abu biyu suke sayarwa a lokaci guda, wato kaya da kuma aikin hannunsu. Tambayar da ke yawan tasowa ita ce, idan kamfani ko makaranta ta ce a kawo mata takardar farashi da VAT a ciki, a kan me za a ɗora harajin? A kan kaya kaɗai, ko a kan kuɗin aiki, ko duka biyun? Kuma wa ma doka ta yarda ya karɓa?

Za mu bi amsar daki-daki da lissafi, daga ƙarshe kuma mu ga yadda za ka sa Excel ko Google Sheets ya riƙa yi maka lissafin a wayarka.

Mene ne VAT, kuma nawa ne?

VAT haraji ne da ake ɗorawa a kan kaya da ayyuka a duk lokacin da aka sayar da su. Mai saye na ƙarshe shi ne ke ɗaukar nauyinsa. Ɗan kasuwa ko mai sana'a ɗan aike ne kawai, yana karɓa a madadin gwamnati ya miƙa mata. Ka riƙe wannan da kyau, domin yawancin rikicin da ake shiga yana farawa ne daga ranar da mutum ya ɗauki kuɗin VAT a matsayin ribarsa.

A Najeriya an kafa harajin ne da doka mai lamba 102 ta shekarar 1993, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 1994 a kan kashi 5 cikin 100. Haka ya zauna har shekara 26, sai Dokar Kuɗi ta 2019 ta ɗaga shi zuwa kashi 7.5, daga ranar 1 ga Fabrairun 2020. A ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda suka kammala soma aiki gaba ɗaya a Janairun 2026. An yi ta muhawara a kan ƙara VAT, amma a ƙarshe an bar shi a 7.5. Hukumar FIRS da ke karɓar sa kuma ta koma NRS.

Idan ka kwatanta da wasu ƙasashe za ka ga namu bai kai nasu ba. A Jamhuriyar Nijar kashi 19 ne, a Ingila kuma 20. Amma a Ingila akwai matakai daban-daban, wani aikin gini ko gyaran gida ana cajin sa kashi 5, wani ma sifili. Shi ya sa idan ka kalli bidiyon Turawa a YouTube a kan wannan batu za su rikita ka. Mu a nan babu yawan rabe-rabe irin wannan. Kaso ɗaya ne, 7.5, sai jerin abubuwan da doka ta ɗauke wa harajin ko ta sa musu sifili.

Kaya da kuɗin aiki: duka ana ɗora musu

Amsar tambayar farko a taƙaice ita ce: idan kana cikin waɗanda doka ta ce su karɓi VAT, to kashi 7.5 ɗin yana hawa kan jimillar abin da ka caji mai aiki, kaya da kuɗin aiki gaba ɗaya. Da kuɗin mota da ka saka a takarda, da ladan yaran da suka taya ka, da ribar da ka ɗora a kan kaya, duk suna ciki.

Wasu na cewa ai an riga an biya VAT a kan kayan tun a shago, don haka kuɗin aiki kaɗai ya rage. Gaskiya ne an biya, amma doka ba ta ce ka tsallake kayan ba. Abin da ta ce shi ne ka caji VAT a kan komai, sannan ka cire wanda ka biya a shago kafin ka miƙa ragowar. Bari mu sa musu suna don sauƙin bayani:

- VAT ɗin saye: wanda ka biya lokacin da ka sayo kaya.
- VAT ɗin sayarwa: wanda ka karɓa daga hannun mai aiki.
- Abin da za ka tura wa hukuma: na sayarwa a cire na saye.

Shin kai ma dole ne ka karɓa?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata ka fara amsawa kafin kowane lissafi. Daga 2020 zuwa ƙarshen 2025, wanda cinikinsa bai kai naira miliyan 25 a shekara ba an ɗauke masa cajin VAT da kai rahoton wata-wata. Sabuwar dokar ta faɗaɗa wannan sassauci. Yanzu ƙaramar sana'a ita ce wadda jimillar cinikinta ba ta wuce naira miliyan 100 a shekara ba, kuma kadarorinta na dindindin, irin su injina da motoci da gini, ba su kai miliyan 250 ba. An cire masu ayyukan ƙwararru irin su lauyoyi da akantoci daga wannan sassauci.

Ke nan mafi yawan masu sana'ar hannu a Kurmin Mashi, Badiko, Unguwar Sanusi da Panteka ba sa cikin masu cajin VAT. Idan kana cikinsu, kada ka rubuta “VAT 7.5%” a ƙasan takardarka don kawai ta yi kama da ta manyan kamfanoni. Duk kuɗin da ka karɓa da sunan VAT ya zama na gwamnati, riƙe shi kuma laifi ne.

Sai dai akwai wani tarko a nan. Abin da ake aunawa ciniki ne, ba riba ba, kuma kuɗin kaya yana cikin ciniki. A ce kai mai haɗa sola ne, kowane aiki da batir da inbata da komai yana kamawa naira miliyan 5. Idan kana samun aiki biyu a wata, a shekara ka yi cinikin miliyan 120. Ka haye iyaka ke nan, ko da abin da ya shiga aljihunka bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ba. Wani abokin sana'arka da ke cewa mai gida ya sayo kayansa da kansa, shi ya karɓi ladan haɗawa kawai, zai iya yin aiki fiye da naka amma cinikinsa a takarda bai kai miliyan 15 ba. Don haka yadda ka tsara yarjejeniya da mai aiki yana da tasiri a kan matsayinka a wajen hukuma.

Misali ɗaya, hanya uku

Mu ƙaddara wani kantin magani yana son a saka masa kyamarorin tsaro. Alƙaluman nan misali ne kawai don mu ga yadda lissafin ke tafiya. Ka je wajen dila mai rajista ka sayo kyamarori, na'urar naɗar hoto da wayoyi a kan ₦400,000. Ya ɗora VAT na ₦30,000, ka biya ₦430,000. Kana son ribar kashi 10 a kan kaya, kuɗin aikinka kuma ₦120,000.

*Hanya ta farko: kana da rajistar VAT*

- Kaya: ₦400,000 da ribar kashi 10, ya zama ₦440,000
- Kuɗin aiki: ₦120,000
- Jimilla kafin haraji: ₦560,000
- VAT kashi 7.5: ₦42,000
- Abin da mai aiki zai biya: ₦602,000

Ka karɓi ₦42,000, ka riga ka biya ₦30,000 a shago, don haka ₦12,000 za ka tura. Abin da ya rage maka: ₦602,000 a cire ₦430,000 a cire ₦12,000, saura ₦160,000. Lura da cewa ₦12,000 daidai yake da kashi 7.5 na ₦160,000, wato darajar da kai ka ƙara. Ma'anar sunan harajin ke nan. Lura kuma ribar kaya a kan ₦400,000 aka lissafa ta, domin ₦30,000 ɗin nan za ta dawo maka.

*Hanya ta biyu: ƙaramar sana'a, babu cajin VAT*

Kai ba za ka caji VAT ba, amma kuma ba ka da inda za ka cire wanda ka biya. Saboda haka ainihin kuɗin kayanka ₦430,000 ne.

- Kaya: ₦430,000 da ribar kashi 10, ya zama ₦473,000
- Kuɗin aiki: ₦120,000
- Abin da mai aiki zai biya: ₦593,000

Abin da ya rage maka ₦163,000. A nan ne mutane da yawa ke tafka asara ba su sani ba. Sai mutum ya duba farashin da aka rubuta a saman rasit, ₦400,000, ya ɗora ribarsa a kai, ya caji ₦560,000 gaba ɗaya. Ya tashi da ₦130,000, wato ₦30,000 ta zube daga kuɗin guminsa. Idan irin wannan aiki goma ka yi a shekara, ₦300,000 ke nan.

*Hanya ta uku: aiki kawai*

Mai kanti ya sayo kayansa da kansa a kan ₦430,000, kai ka zo ka haɗa. Idan kana da rajista za ka caji ₦120,000 da VAT na ₦9,000, jimilla ₦129,000. Idan ba ka da ita, ₦120,000 kawai. Ka rasa ribar kaya, amma jarinka bai maƙale ba, idan kyamara ta lalace kuma tsakaninsa da dila ne. Sharaɗi ɗaya: rasit ɗin kayan ya fito da sunan mai aiki. Idan kai ka saya da sunanka sannan ya biya ka, to ka sayar masa da kaya ne, kuɗin ya shiga cinikinka.

Wace hanya ta fi?

Ya danganta da waɗanda kake yi wa aiki. Ga magidanci da ke son kyamara a gidansa, ₦593,000 ta fi ₦602,000 sauƙi, don shi ba ya cire VAT a ko'ina. Amma ga kamfanin da shi ma yake cajin VAT a kan abin da yake sayarwa, lissafin ya juya. Sabuwar doka ta ba shi damar cire VAT ɗin da ya biya a kan ayyuka da kadarori, abin da tsohuwar doka ta taƙaita ga kayan sayarwa da kayan sarrafawa kawai. Idan ya biya mai rajista ₦602,000 zai cire ₦42,000, aikin ya tsaya masa a ₦560,000. Idan ya ba marar rajista, ₦593,000 ɗin duka ta tafi. Wato a wajen irin wannan kamfani, mai rajista ya fi ka araha da ₦33,000 duk da takardarsa ta fi taka yawa.

Saboda irin wannan ne doka ta bar ƙofa a buɗe. Ƙaramar sana'a za ta iya rubuta wa hukuma cewa ta haƙura da sassaucin, tana son ta riƙa caji da kai rahoto. Idan yawancin aikinka na gidaje ne da ƙananan shaguna, ba ka buƙatar hakan. Idan kuwa kana neman kwangila a masana'antun Kakuri ko manyan kamfanoni, ka zauna da wanda ya san haraji ku duba. Ka sani idan ka shiga, rahoto kowane wata ne, zuwa ranar 21 ga watan da ke biye, ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba. Tarar rashin kai rahoto a sabuwar doka ₦100,000 ce a watan farko, sai ₦50,000 a kowane wata da ya biyo.

Idan aka ce “farashin har da VAT”

Wani lokaci mai aiki zai ce maka, “Malam, ₦645,000 zan biya, komai da komai.” Nawa ne VAT a ciki? Da yawa sai su buga 645,000 sau 7.5% a kalkuleta, su samu ₦48,375. Wannan ba daidai ba ne, domin jimillar ta riga ta ƙunshi harajin. Abin yi shi ne ka raba da 1.075:

645,000 ÷ 1.075 = 600,000

Ainihin farashi ₦600,000, VAT kuma ₦45,000. Wanda ya bi waccan hanyar ya yi wa kansa ƙarin ₦3,375 a banza. Gajeriyar hanya: ka ninka jimilla sau 3 ka raba da 43, VAT ɗin zai fito kai tsaye.

Kayan da aka ɗauke wa haraji

Akwai jerin kaya da ayyukan da ba a cajin VAT a kansu, kamar abincin yau da kullum, magunguna da littattafan karatu. Biyu daga cikin sauye-sauyen da aka yi sun shafi masu sana'a kai tsaye. Umarnin ma'aikatar kuɗi na 2021 ya ƙunshi wasu kayan makamashin rana da iska, na 2024 kuma ya ƙara da gas na CNG da kayan juya mota ta koma amfani da shi. Wannan ya shafi masu sola da kanikawan da suka shiga harkar CNG.

Jerin yana sauyawa lokaci zuwa lokaci, don haka ka duba na yanzu a shafin hukumar kafin ka ba da farashi. Darasin da ke nan shi ne kada ka dunƙule komai a layi ɗaya ka rubuta “haɗa sola, miliyan 5”. Ka jera kowane kaya a layinsa, kuɗin aiki ma a nasa. Ta haka ne za a ga wanda harajin ya hau da wanda bai hau ba, kuma ɗauke wa wani kaya haraji ba ya nufin an ɗauke wa duk abin da ke cikin takardar.

Idan gwamnati ko banki ka yi wa aiki

Ma'aikatun gwamnati da kamfanonin mai ba sa ba ɗan kwangila kuɗin VAT a hannu, su suke riƙewa su tura da kansu. Daga Janairun 2023 an ƙara da bankuna da kamfanonin MTN da Airtel. A misalinmu, za su riƙe ₦42,000 ɗin, kai kuma ₦30,000 da ka biya a shago ta zama bashin da kake bin hukuma, sai ka cire ta daga wani cinikin ko ka nemi a mayar maka. Ka sa wannan a lissafin jarinka tun kafin ka karɓi aikin.

Ban da wannan akwai wani cirewar daban da ake kira WHT, yawanci kashi 2 ko 5 gwargwadon irin aikin. Shi ba VAT ba ne, kafin alƙalami ne na harajin kuɗin shigarka, kuma ana lissafa shi a kan farashi kafin VAT. A ce kashi 2 ne, to a kan ₦560,000 za a cire ₦11,200. Idan da sunanka kake aiki ba kamfani ba, hukumar haraji ta jiha, wato KADIRS a nan Kaduna, ake tura wa. Ka nemi shaidar biya, domin za a rage maka shi daga harajinka na shekara.

Ko da ba ka cajin VAT, ka mallaki lambar haraji, wadda yanzu aka haɗa ta da NIN. Sabuwar doka ta sa tarar naira miliyan 5 ga kamfani ko hukumar da ta ba marar rajistar haraji kwangila, shi ya sa suke tambayar lambar tun kafin a fara magana.

Ka sa waya ta yi maka lissafin

Buɗe Google Sheets ko Excel ka tsara haka. A layin tsaye na A ka rubuta sunan kaya ko aiki. A B yawa, a C farashin ɗaya. A D ka sa 1 idan VAT na hawa, 0 idan ba ya hawa. Sai a akwatin E2 ka rubuta:

=B2*C2

A F2 kuma:

=ROUND(E2*D2*0.075,2)

Ja su ƙasa har layi na 20. Jimilla kafin haraji:

=SUM(E2:E20)

Jimillar VAT:

=SUM(F2:F20)

Don zare VAT daga farashin da ya riga ya ƙunshe shi, idan kuɗin yana akwatin H2:

=ROUND(H2*3/43,2)

Idan kai ƙaramar sana'a ce, ka cika layin D da 0, a C kuma ka riƙa sa farashin da ka biya har da VAT kafin ka ɗora riba. Ka buɗe shafi na biyu da za ka riƙa zuba jimillar kowane aiki da kwanan wata, domin ka san inda cinikinka na shekara ya kai kafin ya haye iyaka.

Ga 'yan uwana masu rubuta manhaja, ga shi a JavaScript:

const vat = kobo => Math.round(kobo * 75 / 1000);
const zareVat = kobo => Math.round(kobo * 3 / 43);

Ku adana kuɗi a matsayin kobo, cikakkiyar lamba ba mai ɗigo ba. Kwamfuta ba ta iya riƙe wasu lambobi masu ɗigo daidai, shi ya sa 0.1 + 0.2 ke ba da 0.30000000000000004. Kuma ku ajiye kason harajin a wuri guda cikin saitin manhaja, domin ranar da aka sauya shi kamar yadda aka yi a 2020, layi ɗaya kawai za ku gyara.

Abin da takardarka za ta ƙunsa

Idan kana cajin VAT, takardar neman biya ta nuna sunanka ko na sana'arka da adireshi, lambar harajinka, lambar takardar, kwanan wata, sunan mai aiki, farashi kafin haraji, kason VAT da adadinsa, sai jimilla. Wajen saye ma ka nemi irin wannan daga dila. Rasit ɗin da aka rubuta jimilla kawai da biro, babu lambar haraji babu VAT a fili, ba zai ba ka damar cire komai ba. Ka ɗauki hoton kowane rasit ka ajiye a Google Drive tun ranar, don irin takardar da injin POS ke fitarwa rubutunta na gogewa cikin 'yan watanni.

Hukumar ta fara tsarin takardun ciniki na intanet a 2025 da manyan kamfanoni masu cinikin naira biliyan 5 zuwa sama. Irin waɗannan kamfanoni za su ƙara matsa wa masu yi musu aiki a kan takardu masu tsafta, don haka wanda ya saba tun yanzu shi zai fi samun shiga.

Kafin ka tura farashi na gaba, ka tambayi kanka abu uku: cinikina na shekara, har da kuɗin kaya, nawa ya kai? Wanda zan yi wa aikin nan yana cire VAT ko ba ya cirewa? Ribata a kan wane farashi na ɗora ta? Idan aikin babba ne ko kana dab da iyaka, ka leƙa ofishin NRS mafi kusa ko ka ga akanta kafin ka sa hannu.

Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, za mu amsa gwargwadon iko. Ku tura wa 'yan uwa masu sana'a domin su ma su amfana. Allah ya sa albarka a nema.